Ƙwazo da Bukata: Wa Ke Samun Tallafin Karatu?

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawa ya fito, iyaye a Achilafiya kan tambaye mu malamai: "Yaro ya ci, to, wa zai biya?" Tambaya ce mai nauyi, domin samun gurbi daban, samun kuɗin karatu daban.

Gurbi dai ta hannun JAMB ake nemansa, hukumar da aka kafa a 1978. A jami'o'in tarayya, ƙa'ida ta ware kashi 45 cikin ɗari don ƙwazo, 35 don jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma don jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, har da Jigawa. Ku lura, wannan rabo maki da jiha yake dubawa, ba aljihun uba ba.

Tallafi kuwa iri biyu ne. Sukolashif na ƙwazo maki yake bi, ɗan attajiri ma yana iya samu. Na bukata kuwa halin gida yake dubawa. Ana son duka biyun, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: yaron da ya yini a gona ba ya samun lokacin bita kamar wanda aka ɗaukar wa malami a gida.

Tun 2024 akwai kuma lamunin NELFUND. Babu kuɗin ruwa a kansa, amma bashi ne, biyansa za a yi.

Saboda haka, 'yan aji shida, ku dage da karatu, ku tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma da wuri, kada kuma kunya ta hana ku faɗa mana halin gida.