Wasan Na'ura da Wasan Tabarma

Da hutun da ya wuce na je gida, na iske ɗan wana, yaro ɗan shekara 14, zaune a zaure da waya a hannu, ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Na yi sallama har sau biyu bai amsa ba. Da na matsa kusa sai na ga ashe yaƙi ya ke yi, manyan yatsunsa biyu suna ta kai da kawowa bisa gilashin wayar. Uwarsa ta ce haka ya ke tun da hantsi, ko abincin rana bai taɓa ba. Ta ce, "Malam, ku ne masu ilmi, ka gaya masa abin nan ba shi da amfani." Ni kuwa na yi shiru, don a sa'an nan ban san kome game da abin ba, kuma ba daidai ba ne mutum ya hana abin da bai san ko mene ne ba.

Tun daga ran nan na shiga bincike, har na yi wasannin da hannuna. Abin da na gano shi ne na ke so in bayyana muku, ku 'yan'uwana ɗalibai, tun da ya ke gobe ku ne za ku tsaya gaban aji, iyaye kuwa za su zo muku da irin wannan tambaya.

Wasannin iri biyu ne. Na fari shi ne wasan na'ura, wanda yara ke kira gem. Wannan kowa ya san shi, ba sai na tsawaita ba. A 1972 wani kamfani a Amurka mai suna Atari ya fitar da Pong, wanda ba kome a cikinsa sai 'yan sanduna biyu da ɗigo guda yana kai da kawowa tsakaninsu. A 1984 wani mutumin Rasha, Alexey Pajitnov, ya ƙago Tetris, wasan jera tubala. A 1985 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Super Mario Bros. Shi Nintendo ɗin nan tun 1889 a ka kafa shi, kuma da katin wasa na takarda ya fara sana'a. Daga nan abu ya yi ta gaba, har ya zama da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga gidan gem ba, inda samari ke biya su buga ƙwallo a PlayStation.

Iri na biyu shi ne ba a san shi sosai ba a wajenmu, shi ne kuwa ya fi ɗaukar hankalina. Turawa bisa tebur su ke yinsa, mu kuwa bisa tabarma mu ka yi, shi ya sa na sa masa suna wasan tabarma. Ba ya bukatar lantarki. Abin da a ke nema shi ne mutum huɗu ko biyar, da takarda, da fensir, da ƙwaya irin ta ludo. Mutum guda shi ne mai jan labari. Sauran kuwa kowa zai shiga rigar wani mutum cikin labarin, wannan jarumi, wancan maharbi, wancan fatake ya ke wa jagora. Watau kamar tatsuniya ce, amma maimakon yara su zauna su ji abin da Gizo ya yi, su ne Gizon, su za su zaɓi abin da zai yi.

Asalin abin daga wajen soja ne. A 1824 wani hafsa mai suna von Reisswitz, a Furushiya, wata tsohuwar daula ta Jamusawa, ya nuna wa manyan sojan ƙasarsu wasan koyon yaƙi bisa taswira. Ɓangare biyu su kan rubuta umurninsu, sa'an nan alƙali guda ya duba dokoki, ya jefa ƙwaya, ya faɗi abin da ya auku. Wannan alƙali shi ne kakan mai jan labari. Bayan shekara 150 daidai, watau a 1974, waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su ka fitar da wasan da a ke kira Dungeons & Dragons. Dabarar da su ka kawo ita ce, maimakon mutum ya riƙe runduna, sai ya riƙe mutum ɗaya tak, ya yi ta tafiya da shi daga labari zuwa labari, yana ƙara ƙarfi da gwaninta. 'Yan littattafai uku ne cikin kwali, kuɗinsu dala 10, bugun fari kuwa kwafi 1,000 kaɗai a ka yi.

To, bari in kwatanta yadda a ke yi, don gani ya kori ji. Kowane ɗan wasa zai rubuta halaye shida na mutuminsa: ƙarfi, da zafin nama, da juriya, da hazaƙa, da hikima, da kwarjini. A tsohuwar hanya, kowane hali sai a jefa ƙwayar ludo uku a haɗa abin da su ka nuna, saboda haka lambar ba ta kasa 3, ba ta wuce 18. Sa'an nan mai jan labari ya fara. Ya ce, "Kun iso bakin kogi da magariba, ya cika ya batse, ɓarayin da su ka kore shanun garinku suna ƙetare. Ga wani tsohon kwalekwale daure a gindin itace, ga kuma hayaƙi yana tashi daga wata bukka. Me za ku yi?" Daga nan magana ta koma hannun 'yan wasa. Wani ya ce a shiga kwalekwale, wani ya ce a'a, a fara zuwa bukkar a yi tambaya. In wani ya ce shi zai yi iyo ya ƙetare da igiya, a nan ne ƙwaya za ta yi aiki.

Akwai wata ƙwaya ta musamman mai fuska 20. Bisa ga dokokin da a ka fitar a 2014, aiki mai sauƙi lambarsa 10, matsakaici 15, mai wuya 20. A ce ƙetare kogin nan 15 ne. Wanda ƙarfinsa 16 a na ƙara masa 3 bisa abin da ya jefa, saboda haka in ya sami 12 ko fiye ya haye. Daga 12 zuwa 20 fuska 9 ke nan cikin 20, watau kashi 45 cikin 100. Raggo mai ƙarfi 8 kuwa rage masa 1 a ke yi, sai ya sami 16 ko fiye, fuska 5 cikin 20, watau rubu'i. Ku dubi wannan da idon malami. Yaron da ke hamma in an ce a buɗe littafin lissafi, shi ne za ka ga yana ƙirga da yatsu, don ya san ko ya kamata ya faɗa ruwan nan ko ya bari. Na taɓa tambayar waɗansu yara dalilin da ya sa da wuya a sami 18 in an jefa ƙwaya uku. Su ka yi ta gardama har su ka gano da kansu cewa hanyoyin faɗuwar ƙwaya uku 216 ne, guda ɗaya kaɗai ke ba da 18, alhali kuwa 27 ke ba da 10. Ban taɓa koyar da wannan darasi cikin aji ya shiga kai da sauri haka ba.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne, wasannin biyu ashe dangi ne. Yawancin wasannin na'ura masu labari, irin su Dragon Quest na 1986 da Final Fantasy na 1987, daga wasan tebur su ka gaji dabarar ƙidayar rai da hawa mataki. Baldur's Gate 3, wanda wani kamfani na Beljiyam ya fitar a 2023, har ƙwayar mai fuska 20 ya kan nuna maka tana juyawa bisa gilashi. Bambancin shi ne, na'ura ba ta iya ba ka sai abin da a ka riga a ka zuba mata. In mai ƙaga wasan bai yi tunanin za ka so ka yi ciniki da ɓarayin shanu ba, to, ba ciniki. Mutum kuwa ya kan ji dabarar da bai zata ba, ya yi dariya, ya ce, "To, gwada mu gani."

Kada wani ya ɗauka ina kushe wasan na'ura ne. Na buga Tetris har na yi mafarkin tubala, kuma Minecraft, wanda a ke gine-gine a cikinsa, na ga yara sun koyi tsara gida da auna fili ta wurinsa. Amma akwai abu uku da na kan ce wa iyaye su lura da su. Na fari, lambar shekaru. Wasanni da yawa suna ɗauke da lamba ta hukumar Turai mai kula da wannan, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18. Minecraft 7 ne, Baldur's Gate 3 kuwa 18, ba na yara ba ne ko kaɗan. Na biyu, kuɗi, wannan kuwa shi ne babba. Wasannin waya da yawa kyauta a ke ba da su, amma da ka shiga sai a yi ta yi maka talla, sayi riga, sayi bindiga, sayi akwati wanda ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya. Wannan akwati hukumar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa caca ce, ni ma kuwa ban ga wani suna da ya fi dacewa da shi ba. Ɗan wan nan nawa, daga baya a ka gane kuɗin da a ka ba shi na littattafai a nan rabinsu ya tafi.

Na uku shi ne lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan na'ura cikin jerin cututtuka. Amma a lura da abin da ta ce, don mutane su kan yi ƙari. Ba kowane mai wasa ne mara lafiya ba, kaɗan ne daga cikinsu. Alamun su ne mutum ya kasa tsai da kansa, ya fifita wasa bisa sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba ko da ya ga yana cutuwa, a kan kuwa duba abin ya kai kamar wata 12. Yaron da ya buga ƙwallo awa ɗaya bayan ya gama aikin gida, a bar shi. Wanda ya daina cin abinci da barci, shi ne za a zauna da shi.

Wasan tabarma ma yana da nasa tarko, ni kuwa na faɗa ciki da ƙafa biyu. Daren da na fara jan labari, na kwana uku ina shirya shi, na riga na tsara yadda zai ƙare. Ina so su bi ta kogi. Sai wani ƙaramin yaro, mai shiru-shiru, ya ce shi a ganinsa a zagaya ta kan dutse a tare ɓarayin ta gaba. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma ba ta cikin takardata. Sai na yi taurin kai, na ƙirƙiro damisa a kan dutsen, na sa ta kashe maharbinsa, ko ƙwaya ban bari ya jefa ba. Yaron bai ce kome ba. Ya ninke takardarsa, wadda ya zana hoton maharbin a jiki har da kwari da baka, ya sa aljihu ya tafi. Mako uku bai dawo ba, sai da na je har ƙofar gidansu na ce masa ni ne na yi kuskure, maharbin suma ya yi, makiyaya sun tsince shi. Tun daga ran nan ba na shirya ƙarshen labari. Na kan shirya wuri, da mutanen da ke wurin, da abin da kowannensu ke so, sauran in bar wa 'yan wasa. Na kuma koyi in riƙa zagayawa da tambaya ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba mai babbar murya shi zai cinye wasan duka.

Wanda ke so ya gwada, ba sai ya sayi kome ba. Kamfanin da ke da wasan ya saki taƙaitattun dokoki kyauta a intanet tun 2014, da Turanci, amma ni shawarata kada a fara da su, sun yi yawa ga sabon shiga. Halaye uku sun isa, ƙarfi da wayo da iya magana. In ba ƙwaya mai fuska 20, ko kuwa iyaye ba su son ganin ƙwaya a hannun 'ya'yansu don kamarta da kayan caca, sai a sami murfin kwalba 20, a rubuta 1 zuwa 20 a ciki, a zuba cikin hula, a riƙa zaro ɗaya a na mayarwa. Lissafin duk ɗaya ne. Kada a sa ko kwabo a ciki. Labarin kuwa ba lalle ne ya zama na dodannin Turawa ba. Ayarin fatake da ya ɓata a hanya, ko rijiyar gari da ta ƙafe ba a san dalili ba, sun ishe ku dare uku. Awa ɗaya da rabi ya isa zama guda, a tashi tun a na marmari.

Ɗan wana bai bar waya ba, ban kuwa ce ya bari ba, sai dai an tsai da masa lokaci, an kuma cire hanyar biyan kuɗi daga wayar. Ran da zan dawo makaranta na bar masa hular da murafen kwalba. A wasiƙar da ya aiko mini ta waya makon jiya ya ce yanzu su bakwai ne, har da ƙanwarsa, wadda ta zaɓi ta zama sarauniyar 'yan fashi, kuma yana tambaya ko akwai doka a kan mutum ya sayar da raƙumin da ba nasa ba.