Rabi, Sulusi da Rubu'i: Hausa da Lissafin Firamare a Potiskum

Gabatarwa

A wannan ɗan rubutu zan yi tsokaci ne a kan wani ɓangare na lissafin firamare da yakan ba yara wuya, wato raba abu kashi-kashi, da lamba mai ɗigo, da kuma kaso cikin ɗari. Na ɗauki Potiskum ta Jihar Yobe a matsayin misali, domin gari ne na Ngizim da Karekare da Bolewa da Fulani, amma Hausa ce harshen ciniki a kasuwarsa.

Kalmomin da Muke da Su

Tun kafin zuwan boko Hausa ta ari kalmomin rabo daga Larabci: sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushiri, wato daga ɗaya bisa uku har ɗaya bisa goma. Malamai na amfani da su a rabon gado, inda mace ke samun sumuni in mijinta ya bar 'ya'ya, ko rubu'i in bai bari ba. Daga Turanci kuma muka samu kwata.

Abu Ɗaya, Suna Uku

A ganina, matsalar ita ce yaro yakan ɗauka darussa uku ne daban, alhali abu ɗaya ne ya sauya riga. Rubu'i shi ne 1/4, shi ne 0.25, shi ne kashi 25 cikin ɗari. Kuɗinmu ma sun nuna haka, domin tun 1973 da aka bar fam da sule, naira ɗaya kwabo 100 ce, ke nan rabin naira 0.50 ne.

Mu ɗauki zakkar kuɗi, wadda ake kira rubu'in ushiri. Ushiri kashi 10 ne cikin ɗari, rubu'insa kuwa 2.5, wato ɗaya bisa 40. A ce wani falke a kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ke ci ranar Laraba, yana da naira miliyan 40 da suka shekara a hannunsa. Zakkarsa naira miliyan 1 ce. Yaron da aka ba irin wannan aikin ya yi ta maimaitawa da awon mudu da farashin tumaki, zai gane darasin, ba hadda kawai zai yi ba.

Kammalawa

Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya tanadi koyarwa da harshen uwa ko na muhalli a farkon firamare, amma a 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da komawa ga Turanci. Duk da haka, malami ba zai daina yi wa yaro bayani da harshen da yake ji ba. Saboda haka ya rage namu, ɗaliban harshe, mu tattara waɗannan kalmomi, mu daidaita su, mu miƙa wa masu koyon malanta irin na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum. Da ma an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.