Andromeda da Ayarinta a Samaniyar Gombe

A daren Nuwamba, duk wanda ya fita bayan garin Gombe, nesa da hasken lantarki, ya dubi arewa, zai iya hango wani ɗan haske dishi-dishi. Abdurrahman al-Sufi ya siffanta shi da ƙaramin gajimare a shekarar 964. A haƙiƙa dandazon taurari ne mai kama da faifai, wato Andromeda, wanda haskensa kan yi shekara miliyan 2.5 kafin ya iso mu. Kuskure ne a jera shi da Kaza da 'Ya'yanta, domin su cikin namu dandazon suke. Andromeda da namu su ne manya a ayarin dandazo fiye da 50, kuma suna kusantar juna da gudun kilomita 110 a daƙiƙa.