Tsofaffin Matuƙan Jiragen Sojan Ruwa da Sirrin Sauka a kan Teku

Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. To amma a ƙasar Amurka akwai wasu dattawa da tasu zumuntar a fiffike take. Su ne tsofaffin matuƙan jiragen sama na rundunar sojan ruwa, waɗanda bayan sun yi ritaya sukan tsai da rana, kowa ya tuƙo ɗan ƙaramin jirginsa, su haɗu a wani filin sauka. A can za su ci abinci tare, su tuna ƴan uwansu da suka rasu, su duba injinan juna, kana da yamma kowa ya tashi ya nufi garinsu.

Mafi shahara cikin ƙungiyoyinsu ita ce Tailhook, wadda aka kafa a shekarar 1956. Ma'anar sunan shi ne ƙugiyar wutsiya, wato wani ƙarfe da ke ƙarƙashin bayan jirgi. Wasunsu kuma sukan halarci babban taron garin Oshkosh na jihar Wisconsin, inda jirage kimanin 10,000 kan hallara duk watan Yuli. A irin waɗannan tarurruka akan yi gasar sauka: a ja layi a kan titin jirgi, wanda tayoyinsa suka taɓa ƙasa mafi kusa da layin shi ne gwani. Wannan wasa yana tuna musu aikin da kuskure kaɗan a cikinsa yakan jawo asarar rai.

Tarihin aikin ya faro ne ran 18 ga Janairu, 1911, sa'ad da Eugene Ely ya sauke jirginsa a kan wani dandamalin katako da aka kafa bisa jirgin ruwan yaƙi mai suna Pennsylvania, a gaɓar San Francisco. An gitta igiyoyi a kan dandamalin, aka ɗaura buhunan yashi a bakin kowace. Ƙugiyoyin jirgin suka kama igiyoyin, nauyin yashi ya tsai da shi.

Har yau wannan dabara ce ake bi, sai dai an inganta ta. Tsawon babban jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama, irin su Nimitz, mita 333 ne, alhali titin jirgi na tudu yakan kai mita 3,000. Jirgin yaƙi kan iso da gudun kusan kilomita 240 cikin awa guda, kuma dole ya tsaya cik cikin mita 100 ko kusa da haka, a daƙiƙa 2 zuwa 3. Wayoyin ƙarfe 3 ko 4 ne a gicciye. Idan ƙugiya ta kama ɗaya, wayar za ta ja wani babban famfo da ke ƙarƙashin bene, shi kuma ya matsa mai ta cikin ƴar ƙanƙanuwar kafa. Da haka ƙarfin motsin jirgin yake rikiɗewa ya zama zafi.

A nan ya kamata ɗalibin kimiyya ya lura da wata ƙa'ida. Ƙarfin motsi yana daidai da rabin nauyi sau gudu sau gudu. Ke nan idan gudu ya ninka sau 2, ƙarfin da za a kashe ya ninka sau 4. Dalili ke nan da ya sa ake juya jirgin ruwa ya fuskanci iska, ya kuma ƙara gudu a lokacin sauka, domin gudun jirgin sama bisa bene ya ragu.

Wani abin mamaki shi ne, da zarar taya ta taɓa bene, matuƙi ba ya rage wuta, sai ma ya buɗe ta gaba ɗaya. Hikimar ita ce, in ƙugiya ta kuskure waya, jirgin yana da ƙarfin sake tashi maimakon ya faɗa teku. Sojan ruwan Ingila ne suka sauƙaƙa wannan a farkon shekarun 1950, da suka karkatar da titin sauka zuwa hagu don kada mai kuskure ya afka wa jiragen da ke ajiye a gaba. Su ne kuma suka ƙirƙiro madubi mai haske da ke nuna wa matuƙi ko ya yi sama ko ya yi ƙasa da yawa. Ban da haka, akwai hafsan da ke tsaye a gefen bene yana ba kowace sauka maki, komai girman muƙamin matuƙin.

Wannan horo ne dattawan suke rayawa a gasar layi, matasa masu koyon tuƙi kuwa suna gefe suna kallo suna tambaya. Malami ma zai iya kawo darasin cikin aji: a ɗauki jirgi mai nauyin kilo 20,000 da gudun mita 67 a daƙiƙa, ɗalibai su lissafa ƙarfin motsinsa, sa'an nan su sake lissafi bayan an rage mita 15 na gudun jirgin ruwa, su kwatanta amsoshin biyu.