Ina takin yuriya ke tafiya bayan an zuba shi a fadamun Malanville?

A fadamun Malanville, inda kogin Sota ke haɗuwa da kogin Kwara daura da Gaya, ƙasa ba ta samun hutu sosai. Ana girbe shinkafar damina, a shiga ta rani, a gefe kuma ga albasa, wadda garin ya yi suna da ita. Kowace kaka amfanin gona na ɗebe wani sinadari daga ƙasa, wanda masana ke kira naitirojin, a Faransanci kuma azot. Shi ke sa ganye ya yi kore shar. Idan ya yi ƙaranci, sai tsofaffin ganyaye su fara rawaya.

A makiyayar da ba a nomawa, sinadarin zagayawa yake yi. Shanu su ci ciyawa, su mayar da kashi da fitsari, ƙananan halittun cikin ƙasa su ruɓar da su tare da busasshen ganye, su riƙa sakin abincin kaɗan-kaɗan yadda saiwa za ta iya sha. Wannan ne amfanin tsohuwar al'adar barin garken Fulani ya kwana a gona bayan girbi.

Noma ba hutu yana katse wannan zagaye. An kai hatsi kasuwa, an ƙone bambaro ko an sayar, shanu kuma sun yi nisa. Naitirojin ɗin da ke cikin bambaron da aka ƙone yana bin hayaƙi. Sai manomi ya koma ga yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne.

Amma ba duka shuka ke samu ba. Idan aka watsa yuriya a kan ruwan shinkafa da zafin rana, wani kaso na zama iska ya tashi. Wani kuma ƙwayoyin halitta na mayar da shi iska a cikin laka. A gonar albasa mai yashi, yawan ban ruwa na wanke shi zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. A shinkafar da ake watsa wa taki haka, sau da yawa fiye da rabi ne ke salwanta. Ke nan, a buhu biyu, kuɗin ɗaya ya bi ruwa da iska.

Wannan ba ya nufin a daina taki. A taron Abuja na 2006, shugabannin Afirka sun amince a ɗaga amfani da shi daga kimanin kilo 8 zuwa 50 a kowace hekta, domin ƙarancinsa ne babbar matsalar nahiyar. Abin lura shi ne yadda ake zuba shi.

A raba yuriya kashi biyu ko uku maimakon zubawa lokaci guda. A rage ruwa kafin a zuba, ko a binne ta cikin laka, dabarar da ta yaɗu a Bangaladesh. A mayar da bambaro da takin dabbobi gona, domin ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye ta fi riƙe taki. A tudu kuma a riƙa sauya hatsi da wake ko gyaɗa, waɗanda ƙulle-ƙullen saiwarsu ke kamo naitirojin daga iska, a kuma bar itacen gawo, mai zubar da ganyensa da damina daidai lokacin da shuka ke bukata.

Kafin manomi ya ci bashin ƙarin buhu, gara ya fara duba ta inda na bara ya zurare.