Ƙaba ga yara: abin lura bayan an yi aiki

Ƴan uwa mazauna Bawdeta da kewaye, yau za mu yi magana a kan ƙaba, wadda wasu ke kira gwaiwa.

Mene ne ƙaba?

Wata ƴar ƙofa ce a matsematsin yaro wadda ba ta rufe ba tun haihuwa. Hanji yana bi ta nan ya sauko. In yaro ya yi kuka ko tari, wurin ya kumbura. In ya kwanta, ya koma. Ta fi kama yara maza da bakwaini. Sha ko shafawa ba sa rufe wannan ƙofa, sai aikin likita. Kada wanzami ya tsaga wurin, domin hanji ne a ciki.

Abin da kan biyo bayan aiki

Yawancin yara suna warkewa lafiya cikin mako 1 ko 2. Maraina sukan ɗan kumbura, su saɓe da kansu. Amma wani lokaci miki yakan yi ruwa, ko jini ya taru. A cikin yara 100, kamar 1 ne ƙabarsa ke dawowa. Bakwaini kuwa, numfashinsa yana iya tsayawa bayan maganin barci, shi ya sa ake kwantar da shi a asibiti.

Mu koma asibiti nan take in mun ga:

1. Zazzaɓi.
2. Miki ya yi ja, yana fitar da mugunya ko jini.
3. Amai da kumburin ciki.
4. Yaro ya ƙi nono, ko ya kasa fitsari.
5. Kumburi ya dawo, ya yi tauri.

Mu bar miki a bushe da tsabta. Kada mu sa masa toka, ko ganye, ko kashin shanu. Mu wanke hannu da sabulu kafin mu taɓa shi.

Jinkiri ya fi aiki haɗari

In aka bar ƙaba har ta shaƙe, jini ba ya isa ga hanji da ƙwan maraina. Hanji yana iya ruɓewa cikin ƴan awowi, yaro ya rasa ransa. Aikin gaggawa ya fi kawo matsala bisa aikin da aka shirya tun yaro yana da lafiya.

Saboda haka, kada mu jira kaka ko sayar da hatsi. Da mun ga kumburi, mu kai yaro asibitin Tasawa ko na Mayahi. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura mu Maraɗi.

Allah ya raya mana zuri'a.