Ƙarshen Wolf 359: Me Ya Sa Har Yau Masoya Ba Su Daina Gardama Ba?

Yau ba fim za mu tattauna ba, wasan kwaikwayo ne na saurare zalla, irin wanda iyayenmu suka saba kasa kunne su ji a rediyo, sai dai shi wannan a intanet aka riƙa sakin sa da Turanci. Gargaɗi tun da wuri: in ba ka saurara ba kuma kana da niyya, dakata a nan, don za mu fasa ƙwai.

Sunan shirin Wolf 359, Gabriel Urbina ne ya ƙirƙiro shi a Amurka. An fara a 2014, aka rufe da kashi na 61 a ƙarshen Disambar 2017, kuma wannan kashin shi kaɗai ya kai wajen awa 2. Sunan ma ba ƙage ba ne, akwai tauraro na gaske mai wannan suna, wanda haskensa sai ya yi kusan shekara 8 yana tafiya kafin ya iso mu.

Labarin wasu 'yan tsirarun ma'aikata ne da kamfanin Goddard Futuristics ya tura tashar sararin samaniya mai suna Hephaestus. Akwai Doug Eiffel, jami'in sadarwa, malalaci mai shegen surutu, wanda Zach Valenti ya yi muryarsa. Akwai kwamanda Minkowski mai bin doka sau da ƙafa, sai Hera, kwamfuta mai tunani da ke tafiyar da tashar. Da barkwanci aka fara, kafin ka ankara abin ya rikiɗe ya koma makirci da cin amana.

Ga wani abu da zai burge masu son waƙa: tsofaffin kaɗe-kaɗen da Eiffel yake tsinta a na'urarsa, ashe halittun wata duniya ne ke turo su. Duk ci gabansu ba su taɓa ƙirƙiro kiɗa ba, sai a wurin ɗan Adam suka ji shi.

To me ya faru a ƙarshe? Mugun labarin, Marcus Cutter, ya yi barazanar sakin ƙwayar cutar Decima a kan mutanen duniya. Minkowski ta kashe shi. Abokiyar aikinsa Dakta Pryce kuwa ta kutsa cikin ƙwaƙwalwar Eiffel tana neman abin da halittun nan suka ajiye a ciki. Hanyar tsayar da ita ɗaya ce: Hera ta goge komai. Eiffel ya amince. Ya farka da ransa, amma bai san kansa ba, bai san abokansa ba. A haka suka kama hanyar gida.

Nan fa masoya suka rabu biyu.

Ɓangaren farko suka ce wannan ai kisa ne aka sa masa riga. Hujjarsu tana da ƙarfi. Eiffel mutum ne da giya ta ɓata wa rayuwa, ya ɗauke 'yarsa ba da izini ba, ya yi hatsarin mota da ita, yarinyar ta kurmance. Shekara uku masu saurare suna bin sa yana koyon ɗaukar nauyin laifinsa. Sai a ce duk an share? Wa zai je ya nemi gafarar yarinyar, mutumin da bai ma tuna ta ba?

Ɓangare na biyu suka ce a'a, tun farko tambayar da shirin ke yi ke nan: mene ne ke sa mutum ya zama shi? Kyaftin Lovelace ta gano cewa ita kwafi ce da halittun suka ƙera bayan ta asalin ta mutu, amma ta tsaya a kan cewa ita ce dai Lovelace. Hera ta gano muryar Pryce aka ba ta, amma ba ta zama Pryce ba. Don haka, a ganinsu, Eiffel ne kawai ya rage bai sha wannan jarrabawar ba.

Akwai kuma rigimar Kanar Kepler, wanda ya daɗe yana yi wa kamfanin ƙazamin aiki, sai a minti na ƙarshe ya lalata shirin Cutter, ya rasa ransa. Wasu sun yi masa kuka, wasu suka ce alheri ɗaya ba ya wanke tulin ta'asa.

Ni dai in za a bi tawa, ɓangare na biyu sun fi kusa da gaskiya, kuma dalilina yana cikin yanayin shirin kansa. Tun kashin farko Eiffel yake naɗar muryarsa yana ba da rahoto. Bayan ya rasa tunaninsa, waɗannan naɗe-naɗen ya zauna yana saurare don ya san ko shi waye. Ka ga ke nan ya koma ɗaya daga cikinmu: ta kunne ya san Doug Eiffel, kamar yadda mu ma muka san shi. Fim ba zai iya wannan ba, don can za ka ga fuska ɗaya ka ce ai shi ne. A nan murya ce kawai, kuma kai za ka yanke hukunci.

Amma wallahi ban ga laifin masu jin haushi ba. Wanda ka yi shekaru da muryarsa a kunnenka, kana wanki, kana cikin mota, ya zama kamar ɗan gida.

Ku fa, ya kuka gani? Wanda ya manta laifinsa, laifin yana nan a wuyansa ko ya sauka?